Ranar da Baba ya kama hannuna

Malanta aka turo ni in koyo a Alƙahira, a tsakiyar shekarun saba'in, na ɓuge da kaɗa jita a otal-otal. Duk Bahaushen da ya zauna a birnin a lokacin ya san wannan, har waɗanda suka zo jinya na mako biyu sai an ba su labarina kafin su koma. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma saboda shi kaɗai nake ɓoyewa. Mahaifina ke nan.

Baba makaɗin gurmi ne, ubansa ma haka. An ce a zamaninsa in ya zauna a bakin kasuwa ya ɗora gurmi a cinya, mai nama kan bar tukuba ya zo kallo. Ni ban riski wannan sosai ba, don ina ɗan shekara shida ya tuba, ya ba da gurmin, ya kama sayar da goro. Amma garinmu ba ya mantuwa. Mutum ya yi shekara ashirin yana sayar da goro, in baƙo ya tambayi gidansa sai a ce masa ya bi ta bayan marina zai ga gidan makaɗa. Abin nan ya ci wa Baba rai fiye da talauci. Ya sa ni makarantar allo, ya sa ni ta ilimi, ya sa ni ta horon malaman Larabci, duk don a wayi gari a daina kiran 'ya'yansa 'ya'yan maroƙa. Ranar da takardar tafiya Masar ta fito ya raka ni tasha a ƙafa. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, don haka ya dubi tayar motar ya ce, “Kai, ka je ka wanke mana suna.”

Shekarar farko na yi karatu tsakani da Allah. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya a Darrasa, bayan babban masallacin nan, muna cin waken ful da safe, mu ci shi da rana, da daddare mu ɗumama sauran. A unguwar akwai wani mai hoto da ya fi malaman jami'ar saurin yaye ɗalibai. Yana da jabba guda, da jar hula mai farin rawani, da labulen da aka zana kantar littattafai a jiki. Duk sabon ɗalibi kafin ya san hanyar aji sai ya shiga shagon nan ya fito shehi, ya aika gida. Ni ma na shiga, jabbar tana warin zufar mutanen ƙasashe bakwai, na aika wa Baba.

Wata rana da la'asar ina neman takalmi mai araha na ɓace na faɗa layin masu sayar da kayan kiɗa. Daga wani shago na ji sauti mai kauri wanda ban ji shi a kunne ba sai a ciki. Na leƙa na ga wani saurayi Bamasare, gashinsa har kafaɗa, yana azabtar da wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu, kowace kamar igiyar shanya. Da Larabcina na littafi, wanda in na yi shi masu shago kan gyara tsayuwa kamar ana huɗuba, na gaya masa tsirkiya ta biyu ta saki. Ya dube ni daga hula har silifa ya miƙo mini, wai in gyara tunda na iya. Wallahi ban taɓa riƙe abin kiɗa ba, Baba ko gwangwani ya ji ina bugawa sai na sha dorina. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na murɗa, na danna, na ja, kafin a kira magariba mai shagon ya kawo mini shayi.

Saurayin ɗan wani likitan haƙori ne a unguwar Dokki, kuma shi ne shugaban wasu samari huɗu masu kiɗan rok a garejin ubansa. Mai kaɗa musu bes, wato wannan jita mai kauri, ya tafi neman kuɗi ƙasashen man fetur, sauran kuwa ba mai son gadonsa. 'Yan mata ƙaramar jita mai kuka suke kallo, sai mai ganga da ke jujjuya sanda. Mai bes yana can gefe kusa da lasifika, kamar gishiri a miya, ba a tunawa da shi sai ranar da babu. Wannan ɓuya ta yi mini daidai, na ce a raina ko wani ɗan gida ya shigo ba zai lura da ni ba.

Ɗan likita ne ya ɓata mini lissafi. Ya zauna ya yi nazari ya gano cewa tunda ni baƙi ne, kuma a ƙasarmu ana Turanci, to ni Ba'amurke ne. Ya sa aka buga a takardar talla, mawaƙi daga Amurka. Ni da kafin in hau jirgi ban taɓa wuce Kano ba. Aka tura ni gaba, aka kafa mini makirfo a baki. Waƙoƙin muna ɗaukar su ne daga faifan garmaho, mu maimaita har faifan ya kode, inda Turancin ya gagare ni in cike da Hausa. Akwai ranar da baiti guda ya ɓace mini a wani otal a bakin Nilu, na rera musu kayan miyar kasuwarmu tun daga daddawa har kuka da busasshiyar kuɓewa, na ƙara da kanwa. Wasu Turawa masu yawon buɗe ido suka miƙe suna tafi, ɗaya har ta share hawaye.

Haka muka yi shekaru. Kulob-kulob na masu hali ranar Juma'a da yamma, bukukuwan 'ya'yan manya, da zafi kuma mu tafi Iskandariyya bakin teku. Na tara gashi ya yi tulu, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda ke share titi kyauta, na hau takalmi mai tsini. Karatu kuwa ba wanda ya kore ni. Na faɗi, na maimaita, na sake faɗuwa, har sunana ya gaji da hawa allon sanarwa ya sauka da kansa. Na tashi daga Darrasa na kama gida a Madinat Nasr, hawa na uku, da firji. Abu ɗaya ne ban fasa ba. Duk shekara sai in tura gashin cikin jar hula a shagon mai hoto, in rubuta wa Baba wasiƙa mai cike da Larabci in ce karatu teku ne.

Sai na yi maganar shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, don in ba don shi ba da labarin bai kai inda ya kai ba. Dattijo ne tun a lokacin, ya shekara goma sha biyu yana rubuta kundi a kan hukuncin ruwan alwala, kuma ruwan bai ƙare ba. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya zo gidana yi mini nasiha, kuma nasiharsa ba ta taɓa saɓa wa lokacin sauke tukunya ba. Zai yagi cinyar kaza, ya kawo hujja uku a kan haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya, ya tsotse ƙashi, ya kawo ta huɗu. In zai tafi ya ce, “Akhi, ka ji tsoron Allah,” sannan ya nannaɗe sauran a jarida. Ba shi kaɗai ba. Ni ne fasiƙin al'umma, ni ne kuma ɗakin girkinta. A ɗakunansu ana buga misali da ni in ana maganar lalacewa, a gidana ana tambayar ko akwai sauran yaji.

A farkon shekarun tamanin wasiƙa ta zo da rubutun ƙanena. Allah ya nufi Baba da sauke farali. Wani ɗan kasuwar garinmu mai sarin littattafai da yadi a Alƙahira zai biyo da shi ta nan a kan hanyar komawa, kwana uku, don ya ga Malam da idonsa. Malam ɗin ni ne. Na karanta sau biyu. Ban ji tsoron duka ko tsinuwa ba. Abin da na ji tsoro shi ne fuskarsa in ya gane cewa ya tura ɗansa ƙetaren hamada don ya guje wa gurmi, ɗan ya je ya samo uban gurmi mai aiki da lantarki.

Na tafi wurin Shugaban ɗalibai. Da farko ya kishingiɗa ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ya daɗe yana gaya mini. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi, in Baba ya koma gida ya ce ɗaliban Masar jita suke kaɗawa, kuma gwamnati ta aiko a duba shekarar da kowa ya zo, wa za a fara tambaya? Ya tashi zaune. Ya ce rufa wa musulmi asiri wajibi ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Aka kafa kwamiti, har da magatakarda. In akwai abin da mutanenmu suka iya a Alƙahira to kwamiti ne. An zauna sau huɗu a gidana, an ci kaji tara, aka fitar da abubuwan da ke nuna malami. Na farko gashi. Wani ɗan Maraɗi mai sayar da turare ya kwashe shi tas da aska, ɗan likita ya zo ya ga kaina ya dafe bango ya ce, “Khalas, kun kashe mana Amurka.” Na biyu littattafai. Aka yi sawu biyu a tasi daga ɗakunan 'yan kwamiti, aka jera har rufi. Sai ɗan Maraɗi, wanda ba ɗalibi ba ne, ya buɗe ɗaya daga cikin na Shugaba ya ga shafukan a manne suke tun daga maɗaba'a, ba a taɓa yanka su ba. Muka ɗauko wuƙaƙe muka zauna muna tsagawa, wasu muka ɗiga musu shayi don su tsufa.

Na uku goshi. Masarawa suna girmama baƙin tabon nan na sujada, Shugaba kuma ya ce malami mai goshi sumul abin zargi ne. Aka kawo dutsen goge kaushi. Kwana biyu ana gurzata, maimakon tabo sai ƙurji ya fito, na rantse wanda ya sake taɓa ni sai na fasa masa baki, aka janye wannan kudurin. Aka kai bes garejin Dokki. Aka koya wa bawwab, mai gadin benenmu, ya daina ce mini “ya fannan”, wato makaɗi, ya koma “ya maulana.” Na ƙarshe, wanda Shugaba ya fi alfahari da shi, darasi. Rana ta uku bayan la'asar zan zauna a kan buzu in karantar da ɗalibai goma babi guda na fiƙihu a gaban Baba. Aka ba ni babin na haddace, aka raba tambayoyi, aka ba ni amsoshin. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu mun fafe har mun yi masa zane.

A filin jirgi na hango shi tun daga nesa. Ya rame, ya yi furfura, yana rungume da buta da jarkar zamzam. Na je na durƙusa har ƙasa na gaishe shi yadda ɗa ke gai da uba a wurinmu, ba a ba da hannu. Ya dubi jabbata, ya dubi rawanin, ya kau da kai yana kunya kamar shi ne yaron. Ya ce, “Malam, mun same ku lafiya?” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu komai ya tafi tamam. Bawwab ya yi maulanarsa har ya wuce gona da iri. Na kai Baba babban masallaci, na kai shi ziyarar kaburburan bayin Allah, Shugaba yana biye da mu riƙe da jakata. In na tsaya Baba ba ya zama. In aka kawo abinci sai na sa hannu yake sawa. Sau ɗaya ne muka kusa faɗawa rami, muna tsallaka titi wasu 'yan mata a mota suka gane ni duk da askin, suka leƙo suna ɗaga hannu suna kiran Amurka. Baba ya tambayi abin da suke so. Shugaba bai ko ƙifta ido ba ya ce fatawa suke nema a kan tafiya ƙasar kafirai, Malam ya hana su amma sun nace.

Rana ta uku aka shimfiɗa buzu a falo, ɗalibai goma suka zauna da littattafansu sabbin yanka. Na yi wa Baba tayin kujera ya ƙi, ya je bakin ƙofa wurin takalma ya zauna. Na buɗe da basmala na shiga babi. Ba yabon kai ba, na yi kyau. Wanda ya shekara bakwai yana rera abin da bai fahimta ba a gaban mashaya, babin fiƙihu ba zai gagare shi ba. Na san inda ake ɗaga murya, na san inda ake yin shiru a bar mutane su girgiza kai. Tambayoyi suka zo a jere, amsoshi suka bi su. Wani ya manta ya yi tambayar wani, na ba shi amsar tasa, ba wanda ya lura. Na saci kallon Baba sau ɗaya na ga bakinsa yana motsi, idonsa ya kaɗa.

Da aka shafa fatiha sai Shugaba ya ƙara gishirin da ba ya cikin tsari. Ya taso ya kama hannuna ya sumbata, irin yadda Masarawa ke yi wa shehunansu. Sauran suka ga haka suka yi layi. Ina zaune ina karɓar sumba daga mutanen da jiya suka cinye mini kaza, sai na ga Baba ya miƙe daga cikin takalma ya bi bayan layin. Na so in tashi, Shugaba ya danne mini kafaɗa.

Baba ya durƙusa a gabana. Ya sa hannu biyu ya kama hannuna na dama don neman tubarraki. Ya sunkuya zai kai goshinsa, sai ya tsaya. Na ji babban yatsansa ya bi kan manunina da na tsakiya, inda jan tsirkiya ya yi musu kanta kamar ƙahon rago. Ya sake bi. Sannan a hankali ya miƙa hannu ya ɗauko na hagu daga kan littafi, ya juya shi, ya taɓa kan yatsu huɗun ɗaya bayan ɗaya, kowane da layin da ƙarfe ya kwanta masa. Kwamiti ya yi tunanin hula da goshi da harshe, har da shayi a shafin littafi. Ba wanda ya tuna da hannu, don a cikinsu ba wanda ya taɓa cin abinci da aikin hannunsa. Mutum goma sun sumbaci hannun nan a gabansa ba su ji komai ba.

Ya ajiye mini hannuwan a cinya ya ce, “Allah ya ƙara sani.” Ya koma wurin takalma. Shugaba ya kanne mini ido, wai mun ci nasara.

Da suka watse bayan sun share tiren shinkafa, na same shi a baranda yana ɓare goro. Na tsuguna a gefe. Ya daɗe yana kallon masu shanya a benen da ke fuskantarmu.

“Tsirkiya nawa gare ta?” in ji shi.

Na ce, “Huɗu, Baba.”

“Ta ƙarfe ce. Jijiya ba ta yin wannan layin.”

“Ta ƙarfe ce.”

“Karatun fa?”

“Na bari shekara biyar ke nan.”

Na jira ya yi faɗa, bai yi ba. Ya tauna goronsa ya ce jirginsu sai gobe da yamma, da safe in kai shi ya gani.

Da hantsi muka hau tasi zuwa Dokki, ni da shi kawai. Ɗan likita da sauran suna garejin, suka gan ni da jabba da wani tsoho a baya, mai ganga ya ɓoye sigarinsa. Na ce musu mahaifina ne. Suka bi shi da “ahlan ya hajj,” aka kawo kujera, ya zaɓi wani akwatin lemo ya kife ya zauna. Na tuɓe rawani na rataya bes. Muka fara wata waƙa a hankali, muna lallaɓawa kamar masu tsoron tada jariri. Baba ya ɗaga hannu ya ce in gaya musu su yi yadda suka saba. Ɗan likita ya ce yalla, ya murɗa lasifika, muka saki.

Ban taɓa kaɗawa kamar ranar ba, kuma ban sake ba. Na rera, na ja tsirkiya har gilashin tagar garejin yana rawa. Baba bai ɗago kai ba, yatsuna na hagu kawai yake kallo. Da muka tsaya na cire bes na miƙa masa, ban san abin da ya sa na yi haka ba. Ya dube ta tun daga wuya har gindi, ya tura hannayensa biyu cikin aljihun riga ya ce, “Daga Makka nake.”

Sannan ya ce mai gangan nan yana da gaggawa, ni nake riƙe shi, in ba don ni ba da tuni sun watse. Ya ƙara da cewa, “Hannunka ya fi nawa. Tun da kakanka ya rasu ban ji mai danna tsirkiya haka ba.” Shekarata talatin da wani abu a duniya, wannan ne karo na farko da Baba ya yabe ni a kan abin da na yi da gaske. Na shiga bayan lasifika na yi kuka, ɗan likita yana bubbuga mini baya yana cewa ma'alish, wato in yi haƙuri, ya ɗauka zagina aka yi.

A filin jirgi, ɗan kasuwa ya tafi awon kaya, muka rage mu biyu a kan benci. Baba ya yi magana yana kallon gabansa. Ya ce tun da na tafi abubuwa sun canja a gida. Ran Juma'a ana matsa masa a sahun gaba. Ƙanwata tana aure a gidan na'ibin liman, da 'ya'yanta biyu, ba wanda ya taɓa goranta mata. Ƙannena maza in sun wuce ana cewa ga ƙannen Malam na Masar.

Na ce, “Baba, zan bari. Zan koma aji.”

Ya ce, “Ba ya baruwa. Ni shekara ashirin da bakwai ban taɓa ba, har a Mina na yi mafarkinsa. Ban ce ka bari ba.” Ya gyara butarsa a tsakanin ƙafafu. “Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka zo gida ina raye. Garinmu akwai tsofaffin abokan sana'ata, kuma duk za su zo su kama hannun Malam. In an tambaye ni zan ce karatu ne ya riƙe ka.”

Na ce to. Aka kira jirginsu, na durƙusa, ya dafa kaina da aka aske, ya ɗauki zamzam ɗinsa ya shiga layi.

Ya ƙara shekara shida a duniya. A cikinsu ne wata na'ura mai madannai ta shigo gari, mutum ɗaya ya zauna ya yi ganga da bes da sarewa da yatsu goma, masu otal suka ga ba dalilin ciyar da mutum biyar. Ƙungiyarmu ta watse. Ɗan likita ya yanke gashi ya gaji kujerar ubansa yana cire wa mutane haƙori. Na ɗan yi bin bukukuwa a unguwanni, daga baya na koma yi wa 'yan kasuwar Nijar da masu zuwa jinya tafinta. Shugaba ya kammala kundinsa ya koma gida, na ji an ba shi babban muƙami. Sau biyu na sayi tikiti, sau biyu na mayar.

Labarin rasuwar ya iso ni a hannun ɗan kasuwar nan, bayan an yi sadakar arba'in. Ƙanena ya rubuta cewa da ciwon ya yi tsanani dangi sun taru sun ce a buga mini waya in zo, Baba ya hana, ya ce duk wanda ya katse wa Malam karatu bai yafe ba. Ya ce jana'izar ta yi jama'a, liman da kansa ya yi masa salla. A ƙarshen takardar ya ce mutanen gari suna gaisuwa, suna roƙon in sa Baba a addu'a, don addu'ar malamai ba ta faɗuwa ƙasa.

Na karanta a tsaye a bakin wani asibiti, ina jiran wata tsohuwa 'yar Damagaram ta fito daga ganin likitan ido. Na kai ta masaukinta, na koma gida, na yi alwala na yi masa wadda na iya.